Filin Tambaya da Amsa: Mayar da Kamshaf da Auna Giɓin Bawul Bayan Canjin Gaskit

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk a wuri ɗaya suka tsaya: an canja gaskit ɗin da ke tsakanin tof (kan inji) da bulok, tof ya zauna, an ɗaure notunansa yadda ya kamata, sai aikin ya ɓaci a can sama, wajen mayar da kamshaf, sandar da ke buɗe bawul. Lambobin da muka kawo na injinan da muka ambata da suna ne. Na injinka yana cikin littafin gyara na kamfanin da ya ƙera shi, wani lokacin ma a takardar da ke liƙe a cikin bonet.

Malam Injiniya, barka da aiki. Ni ɗan koyo ne. Na iya ɗaura tof da kaina, amma da an zo mayar da kamshaf sai maigidana ya karɓe sufanar. Mene ne abin tsoro a ciki, tunda notuna ne kawai za a ɗaure?

Maigidanka ya san abin da yake gudu. Kamshaf ba ya kwanciya salin alin a mazauninsa. Duk yadda ka ajiye shi, akwai tozo (kumburin jikinsa da ke danna bawul) ɗaya ko biyu da ke kan bawul, sifirin ɗin bawul kuwa yana tura shi sama. In ka ɗaure murfi na farko cikin murafen da ke danne shi a mazauninsa har ƙarshe alhali ɗaya ɓangaren yana rataye, ka mayar da kamshaf ɗin baka ke nan. Yawancinsu ƙarfen zubi ne, mai tauri amma marar lanƙwasa. Ɓallewa yake yi kamar alli. In ya tsira bai karye ba, sai ya ci gefen mazaunin da ke hana shi wasa gaba da baya, ko ya tsaga murfin.

Fara da sauke fistin. A injin da bawul da fistin ke amfani da wuri ɗaya a lokuta daban, in fistin yana ƙololuwa kuma ɗaurin kamshaf ya buɗe bawul a kansa, bawul ɗin zai lanƙwashe ba tare da ka ji komai a hannunka ba. Tun kamshaf bai hau ba, lokacin da duk bawul ɗin ke rufe, juya kuranshaf baya daga alamar taimin. A inji mai silinda huɗu a jere, digiri 90 yana ajiye duka fistin huɗun a tsakiyar hanya. Wasu littattafan sukan faɗi ƙasa da haka, ka bi nasu. Bayan kamshaf ya zauna a kan alamarsa, sai ka mayar da kuranshaf ta gajeriyar hanyar da ka ɗauke shi, ba ta zagaye cikakke ba.

Sai tsabta. Hura iska a kowane ramin noti. Mai ko ruwan da ya kwanta a ƙasan rami ba ya matsuwa: ko ya ba ka ɗaurin ƙarya, ko ya fasa alminiyon. Duba ƙananan ƙofofin da mai ke fitowa a mazaunan kamshaf, ka tabbata ba su toshe da guntun tsohon gaskit ba. Shafa sabon baƙin mai, ko man haɗa inji, a wuyan kamshaf da tozaye da saman kofunan bawul, waɗanda ke tsakanin tozo da wutsiyar bawul. Fuskar da murfi ke haɗuwa da tof kuwa a bushe take zama.

Ajiye kamshaf ta yadda tozayen da ke danna bawul za su raba nauyin daidai, ya kwanta a miƙe gwargwadon hali. Ɗora kowane murfi a lambarsa, kibiyarsa na kallon inda littafi ya ce, galibi wajen taimin. Kama dukkan notunan da yatsu, zare biyu ko uku, kafin sufana ta taɓa ko ɗaya. Daga nan rabin juyi, rabin juyi, kana zagayawa, kana kallon kamshaf yana sauka gaba ɗaya kamar ana sauke guga. Injina da yawa daga tsakiya ake fita zuwa gefe, amma ba duka ba. In ka ga ya karkace ko wani murfi ya ƙi hawa kan ɗan bututun da ke saita shi, sassauta duka ka sake. Kada ka buga, kada ka sa sukundireba ka danna.

Sai murafen sun sumbaci tof, ƙarfe da ƙarfe, sannan ka ɗauko sufanar auna ɗauri. A nan ne 'yan koyo suka fi ɓarna, domin hannun da ya gama ɗaure tof bai huce ba. Notin milimita 6 bai wuce Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) 10 zuwa 13 ba a yawancin injina. A Toyota 1ZZ-FE, babban murfin gaba Nm 23 ne, sauran Nm 13. Babbar sufanar da ka ɗaure tof da ita ba ta jin wannan ɗan ƙarfin, nemi ƙarama. Bindigar iska ba ta da hurumi a nan ko kaɗan.

Wajen ɗaure notin giyar kamshaf, riƙe kamshaf ɗin da sufana a gurbin mai kusurwa shida da aka yi masa don haka, kada ka bar sarƙa ko bel ya ɗauki ƙarfin. Bayan an haɗa taimin, cire fulogi, juya injin da hannu zagaye biyu ta hanyar da yake tafiya. In ya tsaya ƙyam, kai ma tsaya.

Ranka ya daɗe, murafen kamshaf ɗina sun cakuɗe a cikin kwanon wanki. Zan iya ɗora kowanne inda ya shiga? Guda ɗaya kuma ya tsage, na samu irinsa daga wani tof.

Ba za ka iya ba. A masana'anta ana ɗaure murafen a kan tof ne tukuna, sannan a huda ramin kamshaf ya ratsa su duka a lokaci guda. Kowane murfi rabin rami ne, ɗaya rabin yana jikin wannan tof ɗin, a wannan gurbin, ta wannan fuskar. Goge su da kyau ka duba sama: za ka ga harafi da lamba, I na ɓangaren shigar iska, E na fitar hayaƙi, ko lambobi a jere, tare da kibiya. In babu rubutu, zanen cin da ke cikin murfi yakan yi daidai da na mazauninsa.

Murfin wani tof kuwa caca ce. Kafin ka amince da shi, ɗaura kamshaf ba tare da kofuna ko roka (hannun da ke isar da turin tozo ga bawul) ba, ka ga ko yana juyawa da yatsu biyu. Sannan auna giɓin mai da zaren Plastigage: a ɗora guntunsa a kan busasshen wuyan kamshaf, a ɗaure murfin daidai ƙarfinsa, a kwance ba tare da an juya ba, a gwada faɗin da ya baje da ma'aunin da ke jikin takardarsa. A irin waɗannan injinan giɓin yakan zauna tsakanin milimita 0.03 da 0.07, iyakarsa wajen 0.10. In ya fita daga nan, ko kamshaf ya yi nauyi, sai dai a kai wa masu injin huda su daidaita ramukan, ko a nemi wani tof ɗin da murafensa.

Malam, gaskit kawai aka canja, ba a taɓa bawul ba. Makanikina ya ce sai an sake auna giɓin bawul. Ba neman ƙarin aiki yake ba kuwa? Daga wata mai mota.

'Yar'uwa, makanikinki yana kan gaskiya, amma bari mu faɗa miki dalilin don kada ki karɓa a makance. Giɓin bawul shi ne ɗan sararin da ake bari tsakanin bawul da abin da ke danna shi lokacin da yake rufe.

In injin naki irin wanda kamshaf ke ƙasa ne a cikin bulok, yana tura bawul ta dogayen sanduna, to kaurin gaskit yana cikin lissafin giɓin kai tsaye. Sabon gaskit mai kauri ya ƙara giɓi, rage fuskar tof ya rage shi. A nan ba ma abin tambaya ba ne.

In kuwa kamshaf a saman tof yake, kamar yawancin motocin yanzu, gaskit shi kaɗai ba ya canja giɓin, tunda kamshaf da bawul duk a jiki ɗaya suke. Abin da ke canja shi sauran abubuwan da suka faru a hanya ne. Gaskit ba ya ƙonewa haka kawai, galibi zafi ne ya yi yawa, zafin da ya ci gaskit kuwa yakan taɓa mazaunin bawul. In an gurza bawul da man gurza don su zauna, ko an yanke musu mazauni, bawul ya ƙara nutsewa cikin tof, wutsiyarsa ta ƙara tasowa, giɓi ya ragu. In kofuna ko shim (faifan ƙarfen da kaurinsa ke daidaita giɓi) biyu sun yi musanyar gurbi a kan teburin aiki, bawul biyu sun fita daga saiti. Ɗaurin notunan tof ma yana ɗan motsa alminiyon, shi ya sa awon da aka yi a kan tebur ba ya wadatarwa, sai an maimaita bayan tof ya ɗauru.

Murfin saman injin a buɗe yake, awon bai kai awa guda ba. In an rufe aka gano daga baya, a wasu injinan sai an sake sauke taimin da kamshaf gaba ɗaya.

Injiniya, ka koya mana yadda ake awon. Wasu na cewa da zafi, wasu da sanyi, kuma ban san adadin juyin da zan yi wa injin ba.

Yawancin kamfanoni da sanyi suke ba da lambar. Honda ta ce sai zafin tof ya sauka ƙasa da digiri 38 a ma'aunin Salshiyos. Akwai injinan da littafinsu ya ba da lambar zafi, to ka karanta kalmar da ke kusa da lambar kafin lambar kanta. Injin da aka kashe minti ashirin da suka wuce ba mai sanyi ba ne, ba kuma mai zafi ba, awonsa ba shi da amfani.

Ana awo ne lokacin da bawul ke rufe sarai, wato tozo ya juya baya, gadon bayan kamshaf ne ke kallon kofi ko roka. Hanya mafi sauƙi ga wanda bai saba ba ita ce ya juya injin har tsinin tozon da zai auna ya kalli nesa da bawul, ya auna, ya wuce na gaba. Tana cin lokaci amma ba ta ɓatar da kowa.

Gajeriyar hanya a inji mai silinda huɗu da ke tashi 1-3-4-2 juyi ɗaya kawai take buƙata. Kawo fistin na ɗaya ƙololuwa a bugun matsi, inda duk bawul ɗinsa ke rufe. A nan auna na shigar iska a silinda 1 da 2, da na fitar hayaƙi a silinda 1 da 3. Juya kuranshaf zagaye ɗaya cif, alamar fuli ta dawo wurinta. Kamshaf ya yi rabin zagaye ke nan, tunda kuranshaf na yin biyu kafin ya yi ɗaya. Yanzu auna na shiga a 3 da 4, na fita a 2 da 4. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar ƙololuwar da bawul ke musanya (na fita na rufewa, na shiga na buɗewa) a matsayin ta matsi. Alamar fuli iri ɗaya ce a duka biyun. Kalli tozayen silinda ta ɗaya: in suna taɓa bawul, ƙara zagaye.

Harshen fila geji, wato siraran ƙarafan auna giɓi, ya zama mai tsabta, marar lanƙwasa, ya shiga a miƙe. A wuri mai matsi, mai lanƙwasasshen baki ya fi, domin harshen da ya shiga a karkace yana ba da jin matsi na ƙarya. Daidai shi ne ya ratsa da ɗan ja kaɗan. In hannunka bai saba da wannan jin ba, yi amfani da harsuna biyu: in iyakar milimita 0.15 zuwa 0.25 ce, na 0.15 dole ya shiga, wanda ya ɗara 0.25 dole ya ƙi. Kada ka tura da ƙarfi, sifirin ɗin bawul zai ba ka hanya ka ɗauka giɓi ne.

Misalan lambobi, dukkansu a milimita kuma na inji mai sanyi: Toyota 1ZZ-FE, shiga 0.15 zuwa 0.25, fita 0.25 zuwa 0.35. Toyota 5S-FE, shiga 0.19 zuwa 0.29, fita 0.28 zuwa 0.38. Honda D16 na ƙarshen shekarun 1990, shiga 0.18 zuwa 0.22, fita 0.23 zuwa 0.27. Na fita ya fi faɗi saboda ya fi shan zafi, wutsiyarsa ta fi miƙewa.

Zana tebur a takarda, gurbi goma sha shida, ka rubuta ainihin lambar da ka samu a kowane. Rubuta "lafiya" ba ya taimakon kowa in an zo lissafin shim.

In injinka mai sukurun saiti ne da notin kulle, aikin ya zo da sauƙi: sassauta notin, juya sukurun har harshen ya ja daidai, riƙe sukurun da sukundireba yayin da kake ɗaure notin, sannan ka sake aunawa. Ɗaurin notin yakan ja sukurun ya canja abin da ka saita, sau da yawa sai an yi sau biyu.

Malam, bawul ɗin fitar hayaƙi ɗaya ya ba ni 0.18, littafi ya ce 0.25 zuwa 0.35. Shim ɗin ciki 2.85 ne. Wanne zan saya, mai kauri ko siriri? Wani ya ce in goge shi a dutse.

Siriri. Giɓinka ya yi kaɗan, sai an rage ƙarfen da ke cike shi. Lissafin ba ya canjawa: kaurin tsohon shim, a haɗa da giɓin da aka auna, a debe giɓin da ake so. Ɗauki tsakiyar iyakar, 0.30. Wato 2.85 da 0.18 sun zama 3.03, a cire 0.30, saura 2.73.

A injinan Toyota irin su 5S-FE, shim na zuwa ne daga 2.50 zuwa 3.30, tazarar 0.05, saboda haka babu 2.73. Na 2.75 zai ba ka giɓin 0.28, na 2.70 zai ba ka 0.33. Duka suna cikin iyaka. Mu dai 2.70 za mu sa, domin bawul ɗin fita matsewa yake yi da tsufa, ba sakewa ba. Gara ka bar masa wurin tafiya.

Kafin ka yarda cewa 2.85 ne, auna shi da maikiromita a tsakiya. Lambar da ke rubuce ta ranar da aka ƙera shi ce. Wajen sakawa, fuskar da ke da lambar ta kalli ƙasa don kada tozo ya share ta. Kafin ka sayi komai kuma, duba teburinka: sau da yawa shim ɗin da ya yi wa wannan bawul kauri shi ne wancan ke nema, musanya biyu ko uku ta rage abin saye. Kada ka juya injin alhali akwai kofin da babu shim a kansa, tozo zai ci bakin kofin.

Gogewa a dutse gyaran gangar auzinawa ne. Taurin shim a fatarsa yake, in ka cinye fatar ya zama ƙarfe mai laushi. Hannu kuma ba ya goge fuska biyu su fito daidai, shim mai karkata yana iya tsalle daga kofinsa inji na gudu.

Akwai wasu tsare-tsaren biyu. A wasu injinan, musamman na babura masu gudu, shim ƙarami ne kamar maɓalli, yana ƙarƙashin kofi. A wasu, kamar 1ZZ-FE, babu shim ma, kofin kansa ake canjawa, kuma yana zuwa da kauri iri 35, daga 5.06 zuwa 5.74, tazarar 0.02. A duka biyun sai kamshaf ya fita kafin a canja komai. Don haka a irinsu ka ɗaura kamshaf na gwaji, ba gam, ba taimin, fistin a ƙasa, ka auna kana juya kamshaf ɗin da sufana, ka gyara, sannan ka yi ɗaurin ƙarshe.

Bayan aikin, injin ya yi shiru fiye da da, har na yi murna. Amma yanzu yana rawa a silo (in yana aiki ba a taka totur ba), kuma yana wahalar tashi. An canja fulogi da kwayil, ba sauyi.

Shirun ne abin zargi. Bawul mai sako-sako yana ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, ya dame ka har ka kai shi gyara, ɓarnarsa kuma a hankali take. Matsattsen bawul ba ya cewa komai. In giɓi ya ƙare, bawul ba ya zama sosai a mazauninsa, matsi na zurarewa, silindar ta riƙa fashin wuta musamman a silo. Abin da ya fi wannan muni, bawul ɗin fita yana sauke mafi yawan zafinsa ne ta wurin taɓa mazauni. In bai zauna ba bai huce ba, wutar kuma tana bi ta ɗan giɓin kamar ta mai walda, har ta yanke gefensa. A lokacin sai tof ya sake sauka, da sabon gaskit ɗin da ka saya.

Daina hawa motar. Auna matsin kowace silinda, sannan ka bar injin ya kwana ka auna giɓin. In silinda ɗaya ce ta faɗi kuma giɓinta ya matse, ka samu ɓarawon. In duka huɗun sun yi ƙasa daidai wa daida, koma kan taimin, wataƙila ya tsallake haƙori ɗaya.

Injiniya, an rage fuskar tof saboda ya lanƙwashe. Yanzu da na ɗaure murafen, kamshaf ya yi nauyi, sai da sufana yake juyawa ko babu kofuna. In bar shi ya saki da kansa?

Ba zai saki ba, kamawa zai yi. Tof ɗin da zafi ya lanƙwasa ba ƙasansa kaɗai ya lanƙwashe ba, duk jikinsa ne, har da layin da kamshaf ke kwanciya. Da ba a rage shi ba, ɗaurin notuna kan ɗan miƙar da shi a kan bulok. Da aka sassaƙe ƙasan ya zama shimfiɗaɗɗe, an tabbatar da lanƙwasar saman ke nan har abada. Kamshaf miƙaƙƙe a rami mai baka: mazaunan tsakiya ko na gefe za su cinye, mai ya kasa shiga, ƙarshe ya kama ya tsinka bel, ko shi ya karye.

Tabbatar tukuna ba murfi ka juya ba, kuma kamshaf ɗin kansa bai lanƙwashe ba. Sannan ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a kan mazaunan, ka gwada da fila geji. In laifin na tof ne, masu aikin inji na iya gasa shi su miƙar kafin a rage fuska, ko su sake huda layin. Goge murfi da samfefa don ya saki kitso ne da ƙwarƙwata.

Ga mai shirin kai tof ragi: kamfanoni da yawa sun sa iyakar lanƙwasa a wajen milimita 0.05, Honda kuma ta taƙaita abin da za a iya ragewa a 0.2 a injinanta da dama. Ragi yana kusantar da kamshaf ga kuranshaf, sai taimin ya ɗan makara. In ka ga alamar ta kauce da ƙasa da rabin haƙori bayan ragi, dalilin ke nan, kada ka tsallaka haƙori don gyara shi.

Nawa injin tafet ɗinsa na mai ne. Akwai abin da zan auna?

Babu giɓin aunawa, matsin mai ne ke cike shi a cikin tafet, wato abin da ke isar da turin tozo ga bawul. Amma kowanne ya koma gurbinsa, kuma tafet ɗin da ya cika da mai yana iya riƙe bawul a buɗe bayan an ɗaure kamshaf. Ba shi lokaci ya sauke. Volkswagen ta ce a jira wajen minti 30 kafin a tada inji bayan an sa sababbi. Juya da hannu zagaye biyu kafin ka taɓa makulli. Ƙarar 'yan mintunan farko ba komai, iska ce ke fita. In ta ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi sosai, duba ko mai na isowa sama.

Wannan duban ya shafi kowane inji. Gaskit da aka kifa, ko wanda ba na injin ba, yana iya rufe ƙofar da mai ke hawa tof. Kafin tashin farko, cire fulogi, yanke fetur da wuta, ba shi sitata na daƙiƙa goma sau biyu ko uku, ka leƙa ta ƙofar zuba mai ka ga mai ya jiƙa kamshaf.

Na saita sarƙar taimin a kan zobba masu launi. Da na juya zagaye biyu, launukan ba su dawo kan alamar ba. Na ɓata ne?

Ba ka ɓata ba. Zobba masu launi na lokacin ɗorawa ne kawai. Yawan zobban sarƙa bai rabu daidai da haƙoran giya ba, sai an yi zagaye masu yawa kafin su sake haɗuwa. Bayan juyi, alamomin da ke jikin giyoyin kamshaf da na kuranshaf za ka duba. Ka dai tabbata ka saki tenshina, mai ɗame sarƙar, kafin ka juya, in kuma giyar mai sauya taimin ce, irin ta VVT-i, tana kulle a matsayinta na hutu lokacin da ka saita.

Malam, tun da aka mayar da kamshaf a 5S-FE ɗina, akwai wata ƙara kamar ta dizal daga inda giyoyin kamshaf biyun suka haɗu. Giɓin bawul kuwa daidai yake.

A wannan injin bel na juya kamshaf ɗaya ne, shi kuma ya juya ɗan'uwansa ta giya. Ɗaya daga cikin giyoyin falle biyu ce, da sifirin a tsakani da ke ware haƙoransu kaɗan don su cike wasan da ke tsakanin giyoyin. Kafin a cire kamshaf ɗin ana zura noti mai kaurin milimita 6, zare 1.0, tsawon 16 zuwa 20, ya kulle fallen biyu. In ba a yi haka ba, sifirin ya warware, aka mayar da shi a sake, ƙarar da kake ji ke nan. Sai kamshaf ɗin ya sake fita, a kama shi a bais ta gurbin mai kusurwa shida, a murɗa siririn fallen har ramukan su haɗu, a zura notin, a mayar bisa ɗigon da ke bayan giyoyin. Bayan murafen sun ɗauru a cire notin, a ƙirga shi cikin kayan aiki kafin a rufe inji.

Mai na tsiyaya ta bayan giyar kamshaf, alhali sil, robar da ke hana mai fita, sabo ne.

Duba ƙasan murfin gaba. A injina da yawa ana shafa siririn gam a gefunan fuskarsa da ke haɗuwa da tof, da kuma kusurwoyin da robar murfin sama ke hawa kansa. In an manta, mai zai bi ta nan ya fito kamar daga sil. In an cika shi kuma, rarar na matsewa ciki ta toshe hanyar mai, saboda haka layi kamar zaren ɗinki mai kauri ya isa, a kan ƙarfen da aka goge ya bushe, a ɗaure cikin 'yan mintuna kafin ya yi fata. Sil ɗin kansa a shafa wa leɓensa mai, a tura shi a miƙe har zurfin da tsohon yake. In wuyan kamshaf ya yi zanen da farce ke kamawa a inda leɓen ke gudu, ajiye sabon ɗan gaba ko ɗan baya da zanen. Bel ɗin da man ya riga ya jiƙa kuma a canja shi.